Ina Ruwan Yake Bi?

A shagon Tasi'u, can gangaren Dilimi,
inda janareto ke tari uku kafin ya kama,
talabijin biyu ne jingine da bango,
kowacce da dutsenta, fari fat.
Mu da ba mu taɓa taka dusar ƙanƙara ba
mu ne alƙalanta yau.

Dalyop na goyon bayan faifan hagu.
Dutsen can a goge yake kamar farantin baƙo:
kwana bakwai, gada ɗaya, rami a kan awo.
Ka yi tsalle, ka wuntsila sau huɗu a iska,
ka dira kamar kyanwa, ko hularka ba ta goce ba.
Tutoci a jere, itatuwa kansu ɗaya.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa:
bishiya guda ce aka haifa sau ɗari.

Ni na dama nake so, mai rowar maki.
Gangarar can ba ta faɗa maka nufinta.
Gefen inuwa tauri, gefen rana laushi,
katakon zamiya na sauya murya in ya hau daskararre,
ƙiiii, kamar cokali a gindin tukunya,
linzamin ya yi rawa a tafin hannu
tun ido bai san an yi kuskure ba.
Sau tara na kife a kwana guda.
Dalyop ya ce, "Ɗari biyu ka biya don ka sha ƙasa?"

Na ce, ka manta tudun kuza na hanyar Bukur?
Jarka muka tsaga biyu, kowa ya zauna a rabinsa,
jar ƙasa, tsakuwa, kududdufi kore na jira a gindi.
Tudun nan bai taɓa gyara mana kwana ba.
Duba gwiwarka.
Tabon nan shi ne makin da ka ci.

Ana haka Kawu Ilu ya shigo karɓar wayarsa daga caji,
shekara talatin yana fitar wa titi magudana.
Ya tsaya, hannu a baya, ya ƙura wa na hagu ido.
Can ya ce, "To, in farin abin nan ya narke,
ina ruwan yake bi?"

Shiru.
Har mai tsallen cikin akwati ya daki tuta.

"Ba kwari, ba zaizaya, ba inda rafi ya ci.
Wannan ba dutse ba ne, tulin gari ne a tire."
Ya matsa dama, ya ɗora yatsa a gilashi,
ya bi wata inuwa a hankali har ƙasa:
"Ga hanyar ƙorama. Shi ya sa itatuwa suka taru a nan.
Wancan falalen daga can sama ya ɓalle.
Wanda ya zana wannan ya taɓa hawa da ƙafarsa,
ya yi haki."

Na fara murmushin wanda ya ci shari'a.
Ya ce, "Kar ka yi saurin wangale baki.
Shi ma ya yi ƙarya ɗaya:
kullum a ƙololuwa kuke farawa.
Wa ya kai ku?"

Ya zare wayarsa, ya biya hamsin, ya fita.

Ba a jima ba janareto ya shaƙe,
duwatsu biyu suka narke lokaci guda,
babu ko ɗigo a siminti.
Sai kwanon rufi ya fara amo, ƙwas, ƙwas, ƙwas:
ƙanƙarar farkon damina, irin ta Jos.
Muka yi waje kamar yara.
Na tsinci guda, ba ta kai gurjiya ba,
ta ciji tafina, ta zama ruwa,
ta bi tsakanin yatsu, ta sami lambatu,
ta nufi Dilimi ba tare da tambayar kowa ba.

Dalyop na tauna tasa, haƙora na kaɗawa,
ya ce, "Duk da haka, nawa ya fi daɗi."
Ban musa ba.